Gyaran Gida Ba Da Sanin Masu Gida Ba

Hausawa kan ce sabo turken wawa. Amma wanda ya gina dandali a intanet, miliyoyin mutane suka saba da fasalinsa, bai kamata ya raina sabon nan ba, domin shi ne jarinsa.

A watan Agusta na 2010 kamfanin Digg na Amurka ya sauya fasalin shafinsa baki ɗaya. Ya cire maɓallin da jama'a ke danne labarin da ba su so, ya kuma fifita manyan kafofin labarai a kan masu karatu. Jama'a suka yi ƙaura zuwa Reddit, a 2012 kuwa aka sayar da Digg.

Hukumar Wikimedia ma ta ɗanɗana irin wannan. A watan Yuli na 2013 ta ɗora wa masu rubutu a Wikipedia ta Turanci sabuwar hanyar gyara, watau VisualEditor, alhali ba ta nuna ba, har tana ɓata maƙaloli. A watan Satumba marubutan suka mai da ita sai wanda ya nema. A 2014 kuma hukumar ta kulle wani shafi a Wikipedia ta Jamusanci don kada a kashe sabon tsarin nuna hotuna. Sai a 2015 ta soke tsarin makullin nan baki ɗaya, bayan amana ta riga ta raunana.

Wani zai ce tsofaffin hannu kullum ƙin sabon abu suke yi, in an biye musu baƙo ba zai taɓa samun sauƙi ba. Wannan gaskiya ne, kuma an yi VisualEditor ne domin baƙon. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda ke aikin kyauta dare da rana su ne farkon masu gano aibin sabon tsari.

Saboda haka a sanar tun da wuri, a gwada a kan mutane kaɗan, a gyara abin da suka nuna, a kuma bar wa kowa hanyar komawa tsohon fasali na wani lokaci.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe waɗansunmu ne za su riƙe shafukan ma'aikatu da na makarantu, inda jama'a ke biyan kuɗi da neman aiki. Mai shiga Digg ya sami wurin gudu. Talakan da shafin hukuma ya rikice masa kuwa, ina zai nufa?