SHARHI: Garin Pirenopolis na Birazil da Abin da Suleja Ke Bari Ya Wuce Ta

SULEJA: Baƙon da ya bar Barasiliya, babban birnin ƙasar Birazil, ya nufi yamma, bayan tafiyar kimanin kilomita 150 zai isa Pirenopolis, wani ɗan gari a Jihar Goyas inda ake magana da harshen Fotigal. Masu haƙar zinariya ne suka kafa shi a 1727. Da zinariyar ta ƙare sai garin ya yi tsit, titunansa na duwatsu da gidajensa na zamanin da suka tsaya yadda suke, domin babu mai kuɗin rushe su.

Wannan talaucin shi ne ya zama jarinsa. Bayan buɗe Barasiliya ranar 21 ga Afrilu, 1960, garin ya sayar wa maginan sabon birnin duwatsun shimfiɗa, daga bisani kuma ma'aikatan birnin suka mayar da shi wurin hutun ƙarshen mako. Tsofaffin gidaje sun koma masaukin baƙi da gidajen abinci, maƙeran azurfa sun sami kasuwa, masu gonakin da ruwa ke gangarowa daga duwatsu a cikinsu suna karɓar kuɗin shiga.

Suleja ta fi Pirenopolis haƙƙi a kan babban birnin ƙasarta. Abu Ja ne ya kafa ta a 1828, ita ce kuma ta bayar da sunanta na Abuja bayan dokar 1976, ta karɓi na Sarki Sulaimanu Barau. Amma tun da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, abin da garin ya fi sayarwa shi ne ɗakin haya da kayan gini. Ma'aikaci ya kwana a Suleja, ya yi sammako zuwa Abuja, ranar Asabar kuma mai hali ya kashe kuɗinsa a Wuse ko Maitama.

Ko shakka babu, akwai hujja ga mai cewa kwatancen bai daidaita ba. Nisa ne ya tsare Pirenopolis, alhali Suleja na bakin iyakar Birnin Tarayya, a kan hanyar Kaduna. Garuruwan Goyas da ke maƙwabtaka da Barasiliya, irin su Luziyaniya, su ma sun cika da masu kwana su tafi aiki. Shirun da Suleja ta rasa ba zai dawo ba, kuma ba laifi ba ne attajiri ya gina gidan haya inda haya ke biya.

Sai dai kuma kadarorin da ke jawo baƙo suna nan. An sa hoton Dutsen Zuma a kan takardar Naira 100 a 1999. Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, hotonta na kan Naira 20. Ga shi ana yawo da tallan garin a aljihu kullum ba tare da ya biya ko kwabo ba. Cibiyar da ta yi suna a cikinta ta shafe shekaru cikin rashin kulawa. Ruwan Gurara ma ba shi da nisa.

Abin da ya rage aiki ne na 'yan kasuwa, ba lallai sai an jira Minna ba. Jarin da zai gina shaguna goma zai iya buɗe rumfar magina tukwane da masauki mai tsabta kusa da Zuma, da motar da za ta ɗauko iyalai daga Abuja da safe ta mayar da su da yamma. Daga masarauta da ƙaramar hukuma kuwa, buƙatar ita ce a hana rushe abin da ya saura na tsohon gari, tun kafin dillalan filaye su kai gare shi.