KUƊIN YININ MAI SARAN ITACE: TSADA CE KO HAKKI?

'Yan'uwa manoma, kwanan baya wata magana ta taso a taron ƙungiyarmu a Kibiya. Reshen wata babbar darbejiya ya sunkuyo bisa kwanon ɗakin da muke ajiye taki da iri, ga damina ta gabato. Muka kira mai injin yankan itace daga Rano. Da ya faɗi kuɗin yininsa sai wuri ya ɗauki gunaguni. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, wannan ai ladan 'yan ƙwadago biyar ne! Magini ma bai kai ka ba." Mutumin ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Mun koma gida mun yi tunani, mun ga kuskuren namu ne. Mun gwada abin da ba ya gwaduwa.

Ɗan ƙwadago da fartanyarsa kaɗai yake zuwa gona, fartanya ɗaya kuwa takan fid da shi damina. Sau da yawa mai gona ne yake kawo fura. Abin da aka ba shi da yamma kusan duka nasa ne. Magini ma haka: siminti da bulo da yashi da ruwa duk na mai gida ne. Kafinta yana da zarto da guduma, amma katako da ƙusa mu muke saya.

Mai saran itace fa? Shi yake sayen inji. Shi yake zuba fetur, ya gauraya shi da mai, gama irin wannan inji ba ya aiki da fetur zalla. Sarƙar injin tana shan nata mai dabam, a yi ta wasa ta da magagari har ta ƙare. Itace mai tauri kamar ƙirya yakan cinye haƙoranta da wuri. Ga igiya, ga gatari, ga kuɗin babur. Ba ya kuma aiki shi kaɗai: dole a sami masu jan igiya a ƙasa, don reshe ya faɗi inda ake so, ba bisa kwano ko kan yaro ba.

Dukanmu mun san yadda kuɗin waɗannan abubuwa ya hau. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuwa ta kai 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni 2023 aka bar kasuwa ta yanka darajar Naira. Inji da sarƙa daga ƙasashen waje suke zuwa, saboda haka kuɗinsu ya bi dala.

Bari mu ba da misali, kowa ya sa farashin garinsa a ciki. A ce an yi jinga kan Naira 30,000. Fetur da mai sun ci 7,000. Mataimaka biyu sun karɓi 8,000. Babur 3,000. An ware 5,000 domin sarƙa da gyara da tanadin sabon inji. Saura nawa? Naira 7,000. To, ba kullum ake saran itace ba. In ya sami aikin kwana 10 a wata, ya tashi da 70,000 ke nan, daidai da albashi mafi ƙanƙanta da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024. Amma ma'aikacin gwamnati in ya kwanta ciwo albashinsa yana tafiya. Wanda ya faɗo daga kan ɗorawa kuwa, shi da mai ɗori ne, iyalinsa kuma su ci daga rumbu har ya miƙe, in ya miƙe. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Mu da muke da garmar shanu bai kamata wannan lissafi ya zame mana baƙo ba. Makonni kaɗan muke huɗa, amma wata 12 muke ciyad da bijimai harawa da dusa, mu saya musu magani, mu kai garma wurin maƙeri. In wani ya ce a yi masa huɗa da kuɗin ɗan ƙwadago, ai sai mu yi dariya. To, don me za mu yi wa mai inji abin da ba mu yarda a yi mana ba?

Ba mu ce duk abin da aka faɗa a biya ido rufe ba. Akwai masu zari a kowace sana'a. Ga shawararmu ga ƙungiyoyi.

Na ɗaya, a nemi mai aiki ya rarrabe kuɗinsa: nawa ne na mai, nawa na mataimaka, nawa na hannunsa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Na biyu, a gama magana a kan itacen tun ba a hau ba. In shi zai kwashe, a rage kuɗi, gama itacen wuta ma kuɗi ne.

Na uku, a tara aiki. In gida biyar suka haɗa nasu a rana ɗaya, kuɗin babur ɗaya ne, aka raba.

Na huɗu, a yi aikin da rani, kada a jira iskar farkon damina ta tilasta mu. In kuwa kayar da itacen za a yi ɗungum, a tuntuɓi malamin daji na ƙaramar hukuma tukuna.

Na biyar, 'ya'yanmu masu wannan sana'a su riƙe littafi, su rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ya cinye kuɗin yini duka, ran da inji ya mutu sana'ar ta mutu.

Mu dai mun aika an ba mutumin haƙuri, muka biya shi. Ya sauke reshen guntu-guntu da igiya, ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Da mun sa yara da gatari don neman sauƙi, da wataƙila yanzu kuɗin rufi muke karo-karo, ko na asibiti. Araha ba ta ado.