Filin Uwargida: Alala a Ƙasar Sanyi

A wannan wata filinmu na 'yan'uwanmu ne da ke zaune a Ingila, waɗansu suna karatu, waɗansu suna aikin asibiti. Mun san kuna marmarin abincin gida. To, ga yadda za a yi alala da abin da ke kusa.

Da fari, wake. Kada ki sayi na gwangwani, gama an riga an dafa shi, ƙullinsa ba ya kamawa. Ki nemi busasshen farin wake mai baƙin hanci. Akwai shi a manyan kantuna, Indiyawa masu shago kuwa suna ce da shi lobiya.

Ki jiƙa kofi 2 na minti 10, ki murza, ki wanke har ɓawon ya fita. Ki sake jiƙa shi awa 2, domin ɗan injin markaɗe na lantarki bai kai na unguwa ƙarfi ba. Ki markaɗa kaɗan kaɗan da albasa 1, jan tattasai 2, da attaruhu 1. Ki yi hankali da ruwa. In ya yi yawa, sai alala ta caɓe.

Ki sa gishiri. In babu manja, rabin kofi na man gyaɗa ya isa. Ki shafa mai a ƙananan gwangwanaye, ki zuba ƙullin, ki sa yankan dafaffen ƙwai. Ki jera cikin tukunya mai ruwa kaɗan, ki rufe, ki turara minti 45. In kin soka wuƙa ta fito fes, ta nuna.

Kada ki ci ke kaɗai. Ki ɗiba wa maƙwabciyarki. Sai wata mai zuwa.