Manhajar da ka haɗa da hannunka, ta wa ce?

A da, duk mai son ƙera manhajar wayar Android sai ya zauna ya koyi yaren Java, ya yi watanni yana fama da rubutun kod kafin ya ga maɓalli ɗaya ya amsa. Yau ɗan sakandare zai buɗe MIT App Inventor, ya jawo maɓalli ya ajiye a hoton fuskar waya, ya harhaɗa 'yan tubala masu launi da ke gaya wa manhajar abin da za ta yi in an taɓa ta, kafin la'asar abin yana aiki a wayarsa. Google ne ya fito da wannan dandali a 2010, daga baya ya koma hannun jami'ar MIT ta Amurka, kuma har yau kyauta ne.

Ina cikin masu murna da wannan sauyi, domin wanda ya san matsala shi ya fi cancanta ya gina maganinta. Injiniyan da ke zaune a Legas ko Indiya bai san yadda uwar adashe ke lissafin zubi da ɗauka ba, bai san yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari ke ba abokin ciniki dila bashi ya rubuta a littafi sai an sayar a biya ba. Shugaban Islamiyya da ke ajiye sunayen ɗalibai da kuɗin wata a jadawalin Google Sheets zai iya mayar da jadawalin nan manhaja ta hanyar Glide ko AppSheet, wanda Google ya saya a 2020, ya kuma rubuta komai da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da masu tallar kwasa-kwasan "koyi haɗa manhaja cikin mako biyu" ba sa faɗa wa yaranmu shi ne yawancin waɗannan dandali gidan haya ne. Kuɗin wata ake biya, da dala kuma, ga shi tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda dala ta koma. Ranar da ka kasa biya, sai a rufe maka wasu ƙofofi, abokan cinikinka na tsaye a waje. Wasu dandalin, irin su Bubble, ba sa ba ka kod ɗin manhajarka ka tafi da shi wani wuri. A nan FlutterFlow ya ɗan yi zarra. Wasu tsofaffin injiniyoyin Google biyu ne suka kafa shi a 2020, kuma duk abin da ka zana yana juya shi zuwa kod na Flutter wanda mai biyan kuɗi zai iya saukewa ya ci gaba da aiki da shi ko da ya bar dandalin.

Akwai kuma kuɗin shiga kasuwa: dala 25 sau ɗaya a Play Store, dala 99 duk shekara a wajen Apple.

Wani abin da ya fi damuna shi ne amanar bayanai. Yaro ya haɗa wa asibitin unguwa manhaja, ya zuba sunayen marasa lafiya da lambobin wayarsu a rumbun da bai san yadda ake kulle shi ba. Jawo maɓalli ba ya koya wa mutum wannan, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, wadda ba ta ware wanda ya yi kuskure don rashin sani ba.

Don haka matasa, ku shiga, kada ku bari wani ya raina muku wannan hanya. Amma kafin ka karɓi kuɗin Alhaji ka ce za ka haɗa masa manhajar shago, ka gaya masa nawa zai riƙa biya duk wata, ka gwada ta a ƙaramar wayar Itel a inda sabis ke ɗaukewa, ka kuma tabbatar za ku iya kwashe bayanansa da kod ɗinku ranar da kuka so tashi. Dandalin da ba ya yarda da wannan, ka bar shi wajen koyo kawai.