Masu Gida a Gidan Wasu



Na san cikin 'yan'uwa masu karatu akwai waɗanda za su ce me ya haɗa mu da zancen ƙwallo. Uzurina gare su shi ne, duk inda aka zubar da jinin mutum, ko aka lalata dukiya, ko aka ɗora wa wani laifin da bai aikata ba, to magana ta tashi daga wasa ta koma ta haƙƙi. Duka ukun nan kuwa sun taru a mas'alar da matasanmu suka daɗe suna ja-in-ja a kanta a majalisu da gidajen kallo, daga Bichi har Ɗambatta, wato korar Kano Pillars daga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata zuwa wasu garuruwa.

Ga wanda bai bi labarin ba, ga yadda abin ya gudana. Ranar Lahadi 12 ga Oktoba, 2025, Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan. Ta jefa ƙwallo ɗaya tun farkon wasa, ta riƙe ta har lokaci ya cika, sai baƙi suka farke a cikin 'yan mintocin da alƙali ya ƙara. Ana tashi wasu suka tsallako cikin fili, aka bi alƙalai da 'yan wasan baƙi da jifa da duka, har sai da jami'an tsaro suka harba barkonon tsohuwa. Hukumar gasar Firimiya ta ƙasa ba ta ɓata lokaci ba: ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9.5, ta zaftare mata maki 3 da ƙwallaye 3, ta rufe mata filin, ta kuma tura ta filin Muhammadu Dikko na Katsina ta riƙa karɓar baƙinta a can, aƙalla wasanni 10.

Ba wannan ne karo na farko ba. A kakar 2020/2021 Pillars a filin Ahmadu Bello na Kaduna ta yi zaman aro, saboda shimfiɗar filin Kano ta lalace har hukuma ta ƙi amincewa da ita; filin da ya ɗauki wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009, da na kofin Afirka a 2000. A cikin wannan zaman ne Ahmed Musa, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ya dawo Pillars a watan Afrilu na 2021, Kanawa kuwa ba su sami ganinsa a Ƙofar Mata ba. Wancan laifin na masu riƙe da amanar fili ne, babu hannun mai kallo a ciki. To amma da aka dawo gida me ya faru? Ranar 16 ga Afrilu, 2022, tsakiyar watan azumi, ana karawa da Katsina United, wasa ya kusa ƙarewa babu ci, 'yan kallo suka afka fili, aka farfasa motar baƙi. Aka ci tarar naira miliyan 9, aka cire maki 3, aka tura ƙungiyar Abuja. Ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji, kuma wani ikon Allah, tare da Katsina United ɗin suka faɗa, tare kuma suka dawo a 2023.

Ra'ayina a kan irin wannan kora, ya kai ɗan'uwa mai karatu, shi ne sanda ce da ake kai wa ɓarawo tana sauka a kan mai gona. Bari mu bi ta mu ga inda take sauka.

Ɗauki saurayi manomi a ƙasar Minjibir ko Makoɗa ko Dawakin Tofa. Duk mako yana biyan kuɗin gidan kallo ya ga Arsenal da Barcelona a majigi, ƙungiyoyin da har abada ba zai taka filinsu ba. Wasa guda da zai iya gani da idonsa shi ne na Pillars: ya sallaci azahar, ya hau mota, tafiyar sa'a guda ko ƙasa da haka, ya yi kallo, ya kwana a ɗakinsa. Idan aka ce Katsina, an ce masa tafiyar kimanin kilomita 170 daga Kano. Kaduna ta haura 200, Abuja ta haura 400. Wasa kuma da yamma ake yinsa, ba a tashi sai gab da magariba, ke nan komowar dare ce ta Caranci da Kankiya da Tsanyawa. Duk wanda ya san halin da ƙauyukan Shanono da Tsanyawa na bakin iyaka suka shiga a ƙarshen 2025, lokacin da 'yan bindiga suka riƙa ƙetarowa, ya san babu uwar da za ta yi barci ɗanta yana kan wannan hanya bayan isha'i saboda ƙwallo. Abin dariya ma, hanyar ta ƙofar gidajenmu ta bi; mutumin Bichi sai dai ya ga motar 'yan wasa ta wuce shi.

Sai kuma waɗanda ko tunawa da su ba a yi: mai gurasa, mai rake, mai tsire, yarinya mai awara, mai Adaidaita Sahu, waɗanda ranar wasa ita ce ranar kasuwarsu. Sannan ita kanta tarar. Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce tun da aka kafa ta a 1990, saboda haka tara da kuɗin masauki da na mai a garin wasu, ƙarshensu dai dukiyar jama'a ce. Tsohuwar da ke sussukar gero a Ƙunci, wadda ba ta san adadin 'yan wasan da ke shiga fili ba, da rabonta a cikin abin da aka biya. Shi kuwa wanda ya ɗauki dutse fa? Idan an buɗe ƙofa a can, ba abin da zai hana shi shiga mota ya bi. Idan an rufe, shi da wanda bai ji ba bai gani ba hukuncinsu ɗaya.

Mu a nan karkara, inda gona ke jingine da gona, gamba ce kawai ke raba su, mun san yadda ake shari'ar ɓarna. Idan dabba ta shiga wake da daddare, da safe sawu ake bi. Mai unguwa ya zo da dattawa, a kimanta abin da aka ci, a nemo mai dabbar ya biya. Ba a taɓa cewa duk unguwar su daina kiwo, ko su kwashi awakinsu su koma ƙasar wani dagaci ba. Wannan kuma shi ne abin da muka karanta a gaban malamai: wanda ya lalata shi ke ramawa, laifin wani ba ya hawa kan wani. Wataƙila wani ɗalibi ya ce ai dangi kan taru su biya diyya. Haka ne, amma a kisan kuskure ne, kuma bayan an san wanda ya yi. Ganganci kam a wuyan mai shi yake. Bahaushe ya ce wake ɗaya ke ɓata gari, sai dai ban ga macen da ta zubar da ƙwaryar wake don ta ga ruɓaɓɓe guda ba, tsince shi take yi.

Duk da haka ba zan zalunci hukumar gasa ba, domin tana da hujja mai ƙarfi, wato rai. A Accra ta Ghana, ranar 9 ga Mayu, 2001, jifa aka fara a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka yi turmutsitsi, mutum fiye da 120 suka halaka. A Port Said ta Masar, a watan Fabrairu na 2012, fiye da 70 ne suka mutu bayan wasan Al Masry da Al Ahly. Tsakanin abin da ya faru a Ƙofar Mata da irin waɗannan musibu tazarar ba ta da yawa, Allah ne ya kiyaye. Don haka rufe fili na ɗan lokaci, har a gyara shinge a tsara tsaro, kawar da cuta ne, ba ni da ja. Inda nake ja shi ne ɗaukar korar a matsayin magani. An ci tarar Pillars a 2019 bayan hargitsin wasanta da Rangers a filin Agege na Legas, an kore ta a 2022, an sake a 2025. Maganin da aka sha, ciwo ya dawo bayan shekara uku, a ƙara sha, ya sake dawowa bayan uku, ai ya kamata a sake duba shi.

Turawan Ingila sun bi ta wannan hanya kafinmu. Bayan mutum 39 sun mutu a filin Heysel na Beljiyam a 1985, an haramta wa ƙungiyoyin Ingila baki ɗaya wasannin Turai shekara 5, Liverpool kuma 6. Everton, wadda ita ce zakarar Ingila a shekarar, ta rasa damarta ba tare da ta yi komai ba. Amma ba a tsaya nan ba: an kamo mutane da sunayensu, kotun Beljiyam ta sami 14 da laifi a 1989. A gida kuma suka kafa kyamarori a filaye, suka mayar da wuraren kallo na zaune bayan musibar Hillsborough, suka ba kotu ikon haramta wa mutum shi kaɗai shiga fili na shekaru, har a karɓe fasfonsa idan ƙasarsa za ta yi wasa a waje. A ganina wannan bin sawun ne ya yi musu aiki, fiye da horon gayya.

To, a nan ne maganar za ta juyo kanmu, kuma ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mai cewa kada a hukunta shi da laifin wani, wajibi ne ya yarda a nuna wanin. Yau kusan kowane saurayi da wayar ɗaukar hoto a aljihunsa. Hotunan 12 ga Oktoba sun zaga Facebook da WhatsApp kafin a yi isha'i, fuskoki a fili. Kowace fuska kuwa tana da unguwa, tana da maƙwabta, tana da majalisar da take shan shayi. Idan muka ɓoye su da sunan kishin gari, sannan muka zo muna kukan an kai mu Katsina, mun rushe hujjarmu da hannunmu. Ita ma ƙungiyar, musamman da yake an ɗora Ahmed Musa a kan shugabancinta a 2025, mutumin da ya buga a Holand da Rasha da Ingila ya ga yadda ake yi, babu abin da zai gagare ta wajen yi wa magoya baya rajista, da sayar da tikiti daidai yawan kujeru, da miƙa sunaye ga kotu. Kuɗin tara biyu na 2022 da 2025 kaɗai, naira miliyan 18.5 ne, da kyamarori aka saya da su, da an san wanda za a kama.

Akwai kuma wani ciwo da ya fi wannan zurfi, wato imanin da ya zauna a zukata cewa Pillars ba ta da ikon rasa maki a gida. Asalinsa abin alfahari ne: daga watan Yuni na 2003 har zuwa Agusta na 2015, da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1, wasanni 202 aka yi a Kano ba a doke ta ba. A tsakanin nan ta ɗauki kofin gasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly daga kofin zakarun Afirka a 2009. Sai yara suka taso suna ganin canjaras a gida cin mutunci ne, dole alƙali ne ya sayar. Ba na cewa alƙalanmu mala'iku ne, kowa ya san ƙorafin da ake yi a kan busa a gasar nan; amma ƙorafi yana da ofishinsa, kuma ba a taɓa jin dutse ya mayar da ƙwallon da ta shiga raga ba.

Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ma, mu tsaya mu dube shi. A al'adarmu da addininmu mai gida shi ne wanda baƙo ke kwana a ƙarƙashin amanarsa. Baƙonka annabinka, in ji magabata. Yaran Ibadan da aka jefa, da yawansu ma Musulmi 'yan'uwanmu ne, kuma ko ba Musulmi ba ne jininsu haramun ne. Mu tuna kuma muna da dubban 'yan'uwa a Sabo ta Ibadan da ke neman abinci a hannun mutanen garin, kuma 'yan wasanmu dole su je can ramuwa. Lokacin da 'yan fashi suka harbi 'yan wasan Pillars a kusa da Abaji a watan Maris na 2015, suna hanyar Owerri, ƙasar nan gaba ɗaya ta tausaya mana. Wannan mutuncin ne ake sayarwa a kan maki biyu.

Mu mutanen arewacin Kano ma yanzu abin ya matso kusa, tun da Barau FC ta Ɗambatta ta hau gasar Firimiya a 2025, ta kuma fara karɓar baƙinta a filin Sani Abacha maimakon garinta. Mutanen Ɗambatta na da haƙƙin neman a ɗaga darajar filinsu har manyan ƙungiyoyi su riƙa zuwa, ina kuma tare da su. Roƙona ga masu wannan fafutuka shi ne su sa rajistar magoya baya da shinge da kyamara a cikin takardar buƙatunsu, layi ɗaya da ciyawa da fitilu, su kuma sa limamai da masu unguwanni a cikin kwamitin tun kafin a busa usur na farko.