Baiwa Ba Ta Hana Tsari: Martani Ga Masu Cewa Labari Zuwa Yake Yi

Akwai wata magana da ta zame wa wasu 'yan'uwanmu marubuta tamkar waƙa a baki. Da zarar an tambaye su yadda suka tsara littafinsu, sai ka ji sun ce, "Ai ni ba na tsara komai, baiwa ce, ina ɗaukar biro labari ke zuwa." Mu kam mun gaji da jin wannan magana, domin kuwa mun ga irin ɓarnar da take yi.

Kwanan baya, a wata majalisa da muke zama bayan sallar la'asar nan Ƙofar Mazugal, wani ɗalibinmu ya kawo mana littafin da ya saya mai kashi uku. A kashi na ɗaya an ce yarinyar marainiya ce, mahaifinta ya rasu tana goye. A kashi na uku sai ga mahaifin nan zaune a zaure yana karɓar sadakinta, ba tare da marubucin ya gaya mana ko daga kabari ya taso ba. Yaron ya ce, "Malam, wanne zan yarda da shi?" Wallahi kunya ta hana mu ba shi amsa. Wannan yaro kuɗin karin kumallonsa ya tara ya sayi littafin. Shin ba a ci amanarsa ba?

Kada mu manta, a shekarun 1990 an yi ta musayar alƙalami a jaridu kan littattafanmu, har Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu kuwa suka tsaya wa marubutan. Mu muna tare da masu kare su, amma gaskiya ɗaya ce: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk littafin da aka yi shi da ka, ba tsari, makami ne aka miƙa wa mai suka.

Masu fakewa da baiwa su waiwayi Abubakar Imam. Wa ya kai shi baiwa? Amma da aka ɗauko shi daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, bai zubo labarai kara zube ba. Sai da ya kafa musu gida. A littafi na ɗaya aku ne ke ba da labarai don ya hana ɗan sarki fita, a na biyu gasa ce tsakanin aku biyu, a na uku kuwa aku ne ke koyar da ɗansa. Kowane labari ya san ɗakinsa. Haka a Birtaniya, J.K. Rowling ta zana wa littafi na biyar na Harry Potter, wanda ya fito a 2003, jadawali da hannu a kan falle guda: layin babi, layin wata, da layin kowane zaren labari.

Mu malaman makaranta mun san wannan tun muna koyon aikin koyarwa. Ba malamin kirki da zai shiga aji ba tare da shirin darasi ba, ko da ya shekara ashirin yana koyar da abin. To, don me marubuci, wanda ajinsa ya fi namu yawa sau dubu, zai ga ya fi ƙarfin shiri?

Wasu kuma sukan ce ai sai mai kwamfuta ke iya tsari. Wannan ma uzurin malalaci ne. Kayan aikin ba su wuce guda biyar ba, kuma ɗan firamare ma yana iya mallakarsu.

Na farko, ƙaramin littafi na aljihu. Abin da ka ji a motar haya ko Kasuwar Kurmi ko gidan biki, rubuta shi nan take, don ƙwaƙwalwa ba ta da riƙon amana. Na biyu, kati guda ga kowane tauraro: sunansa, shekarunsa, iyayensa na raye ko sun rasu, abin da yake nema, da abin da yake tsoro. Da marubucin nan ya yi wa yarinyar kati, da mahaifinta bai tashi daga kabari ba. Na uku, jadawalin babi-babi, jimla biyu kacal ga kowane babi: me ya faru, me ya canza. Babin da ba abin da ya canza a cikinsa, cire shi. Na huɗu, jadawalin lokaci, don kada a yi aure da azumi a haihu kafin babbar salla. Na biyar, taswira. In gidan jarumarka yana gindin Dala, zana hanyar da za ta bi zuwa Kantin Kwari, ka san ƙofar da za ta fita.

Wanda ke da waya yana iya zuba duk wannan a Google Keep ko Word, mai kwamfuta ya nemi Scrivener. Amma manhaja ba ta yi wa mutum tunani. Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad su suka fi kowa buƙatar tsari, domin shafin da ya fita ya fita ke nan.

Mun san za a ce tsari yana ɗaure marubuci. A'a. Magini yakan ja layin harsashi kafin ya ɗora tubali, kuma hakan bai taɓa hana shi sauya wurin taga ba. In labari ya juya maka a tsakiya, gyara jadawalin ka ci gaba, amma ka san inda ka baro da inda ka dosa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu: duk wanda zai karanta sabon labari a zamanmu, ya fara nuna mana tsarinsa a falle guda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu gyara, amin.