Kewar Mota da Jarin da ke Kwance a Gareji

Duk wanda ya bi ta garejin makanikai tsakanin Agege da Ikeja ba zai rasa ganin manyan motoci lulluɓe da tamfol ba, irin su Mercedes-Benz da BMW, ƙura ta rufe su, tayoyi sun sace. Daga cikin masu su akwai 'yan'uwanmu 'yan canji na Allen Avenue da dillalan shanu na mayankar Oko-Oba. Wani daga cikinsu ya shaida mini cewa duk Juma'a bayan masallaci yakan leƙa tasa, ya ta da injin don ya ji ƙugin, sa'annan ya hau tasi ya koma gida.

Ba na ganin laifinsa. Bahaushe ya daɗe da son abin hawa, kuma yadda kakanninmu ke ji da ingarman doki haka jikokinsu ke ji da mota mai lafiya. Sai dai kakannin sun san cewa kuɗin sayen doki somin-taɓi ne, domin akwai dawa da harawa da kanwa da ladan ɗan barga. Wannan lissafi ne ya kuɓuce wa da yawa daga cikinmu.

Dalilin kwanciyar waɗannan motoci bai wuce kayan gyara ba. Kusan kowane ɓangare nasu daga waje ake shigowa da shi, da dala. A farkon shekarar 2023 ana canza dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Tun da yake da farashin gwamnati kwastan ke ƙididdige haraji a Apapa da Tin Can, mai mota ya sha duka biyu, tsadar kaya da tsadar fito. Bugu da ƙari, an janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga shi kuwa irin waɗannan injina shan mai gare su. Ba su kuma jure gurɓataccen mai, kamar wanda aka shigo da shi a farkon 2022 ya lalata motoci a Legas da Abuja.

Mota kuwa ba ta kwanciya a banza. Batir yana mutuwa, danshin Legas yana sa birki tsatsa, ɓeraye suna cin wayoyi. Gyaran da ya fara da abu ɗaya sai ya koma uku, darajar motar tana raguwa kullum. Da wannan kuɗi a shanu ko hatsi aka zuba shi, da tuni ya juya sau da dama.

A da, lamarin bai kai haka ba. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Mai Peugeot 504 yakan sami kayan gyara a kowane babban gari, kuma ƙaramin makanike ya san cikinta da bayanta. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, waɗannan masana'antu suka durƙushe, motocin tokumbo suka cika ƙasa, kasuwar Ladipo ta Mushin ta zama madogarar kowa. To amma motar zamani da kwamfuta take aiki, ba kowane gareji ke da na'urar gano ciwonta ba, kuma kayan da aka kwance daga wata tsohuwar mota ba su da tabbas.

Shawarata ga ɗan kasuwa ita ce, kafin ya biya kuɗin mota ya tambayi abu uku: ina ake samun kayanta, wane ne ya iya gyaranta, kuma nawa za ta ci a shekara idan dala ta sake tashi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda tasa ta haura wata shida a kwance kuwa, ya daure ya yanke shawara, ko ya gyara ko ya sayar tun tana da sauran daraja.

Akwai kuma kasuwa a cikin wannan matsala. Mutanen Nnewi sun gane haka, suka tashi daga fataucin kayan gyara suka shiga ƙera su. Yanzu da Dangote ya shiga harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 2022, ya kamata masu jari na Arewa su dubi ƙera batir da kayan birki da matatar mai, su kuma tura samari koyon gyaran mota da kwamfuta. Muddin ba a yi haka ba, motocinmu za su ci gaba da kwana a gareji duk lokacin da naira ta faɗi.

Allah Ya sa mu dace.